Mai farfaɗiya da ke tafiya ba ya cikin hayyacinsa

Ranka ya daɗe Edita,

Jama'a sun san farfaɗiyar faɗuwa da karkarwa kaɗai, alhali akwai wadda mai ita yakan tashi ya kama tafiya yana mamular baki ko fizgar rigarsa, bai san inda ya dosa ba. Bayan ta lafa ma, ruɗewar takan ɗauki mintoci, wani lokaci sa'o'i. A nan Sakkwato na ga an zagi wani yaro da shaye-shaye saboda haka. Kada a riƙe irinsa da ƙarfi. A bi shi sannu, a kau da shi daga titi, wuta da rijiya. Idan farfaɗiyar ta wuce minti 5, a garzaya asibiti.

Naku,
Wani malamin makaranta, Sakkwato