Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa (NITDA), Malam Kashifu Inuwa Abdullahi

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, na rubuto ne a kan ɗaliban da ba kasafai ake ganinsu a matakin digiri na biyu da na uku na ilimin kwamfuta ba, wato mata, da masu buƙata ta musamman, da 'ya'yan talakawa da suka fito daga sabbin jami'o'i. Shirin 3MTT da aka ƙaddamar a 2023 domin horas da mutum miliyan 3 a fannin fasahar zamani ya cancanci yabo, sai dai horon 'yan watanni ma'aikaci yake samarwa. Mai bincike kuwa sai ya shafe shekaru a hannun malami mai duba aikinsa, yana da abin sawa a baki da na'urar da za ta ɗauki nauyin gwajinsa.

Tallafin ƙaro karatu na TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, malaman da ke aiki a manyan makarantun gwamnati yake kaiwa. Ke nan yarinyar da ta kammala da sakamako mai kyau a Dutse ko Gusau ko Gashuwa, amma ba ta samu aikin koyarwa ba, ba ta da ƙofar shiga ta nan, kuma idan aure da goyo suka zo, karatun da ke buƙatar ƙaura zuwa wani gari yakan gagare ta gaba ɗaya. Wannan asara ce ga ƙasa, domin aikin NaijaSenti na 2022, wanda masu bincike daga Jami'ar Bayero da abokan aikinsu suka tattara saƙonnin Twitter na Hausa, Ibo, Yarabanci da Pidgin a cikinsa, ya nuna irin rawar da masu harshe ke takawa wajen koya wa kwamfuta harshensu.

Saboda haka nake roƙon ku ware wani kaso daga asusun da dokar 2007 ta tanadar wa hukumarku, a ba waɗannan ɗalibai guraben karatu a jami'o'in cikin gida, da alawus na wata-wata wanda ba zai tsaya ba idan ɗaliba ta tafi haihuwa. A kuma ba su damar amfani da na'urorin cibiyar NCAIR ta Abuja, wato cibiyar hukumarku ta ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi, daga garuruwansu ta intanet, sannan a riƙa jawo 'yan ajin ƙarshe cikin bincike lokacin hutu, tun kafin su yanke ƙauna.

Ina kuma roƙon hukumar ta riƙa wallafa adadin waɗanda suka amfana duk shekara, jiha-jiha, maza da mata, domin jama'a su ga inda kuɗin ya tafi.

Wassalam,
Wata malamar ilimin kwamfuta, Kano