A ware wa masu keke hanya a duwatsun Jos

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku na kwanan baya kan farfaɗo da yawon buɗe ido a Jihar Filato, sai na ga ba a ambaci tseren keke ba, alhali Allah ya hore wa Jos abin da wasan ke buƙata. Garin yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ga sanyin safiya, ga hawa da gangara.

Duk Asabar bayan sallar asuba nakan bi hanyar Lamingo zuwa gindin duwatsun Shere, inda nakan haɗu da samari suna fama da hawa a kan tsofaffin kekuna, gumi sharkaf. Waɗanda suka ƙware kuwa burinsu Hawan Kibo, wato dogon hawan da ke kan hanyar Jos zuwa Akwanga, su gangara kwarin Assop su sake haurowa. Nan ne hankalina ke tashi. Hanyar ta manyan motoci ce masu ɗauke da kaya, kuma kowa ya san yadda birki ke tsinkewa a gangaren. Na taɓa ganin yaro ya faɗa cikin ciyawa da kekensa don kauce wa tirela. Allah ne ya yi da sauran kwanansa.

Shawarata ga gwamnatin jiha ita ce ta ware hanyar Lamingo da Shere ga masu keke a safiyar Asabar, a kafa allunan da ke nuna nisa da tsananin hawa, jami'an kiyaye haɗurra su riƙa rakiya. Ana iya farawa ranar 3 ga Yuni, Ranar Keke ta Duniya.

Naku,
Mai karatu daga Unguwar Rogo, Jos