Wasiƙa daga gaɓar Tafkin Mishigan

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan wasiƙa za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da Hajiya da sauran 'yan'uwa na Damagaram. Mu ma nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Saƙonka ya iso, kuma na ga tambayar da ka yi a kan hotunan da na aiko maka, wato me zai sa mai gida da gado ya kwashi iyalinsa ya tafi daji kwanan tanti, har ma ya biya kuɗi a kan haka. Tambaya ce da ta cancanci amsa a tsanake, shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Sunan wurin Sleeping Bear Dunes, wato jigayin beyar mai barci, yana arewa maso yammacin jihar Mishigan, kuma a shekarar 1970 majalisar dokokin Amurka ta keɓe shi ya zama mallakar al'umma. Ya bi gaɓar tafkin na tsawon kilomita 56 ko kusa da haka, ban da tsibirai biyu da ake kira Manitou ta Arewa da Manitou ta Kudu. Kada kalmar tafki ta sa ka ɗauka ɗan ruwa ne, domin faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 58,000, ba a hango ɗaya gaɓar ko da rana ta buɗe tarwai, yana da igiyoyi masu ƙarfi, amma ruwansa ba shi da gishiri ko kaɗan.

Abin da zai fi ba ka mamaki, kai da ka san jigayin rairayi na hanyar Agadas, shi ne ka ga irinsu a nan, daji mai duhu a bayansu, ruwa shuɗi a gabansu. Masana sun bayyana cewa dubban shekaru da suka wuce ƙanƙara mai kauri ce ta rufe wannan ƙasa, tana tafiya sannu a hankali tana turo ƙasa da tsakuwa, da ta narke kuma sai ta bar manyan tuddai a bakin ruwa. Daga nan iskar yamma ta riƙa kwaso rairayi tana jibgewa a kansu, har ya zama a wani wurin mutum yana tsaye kimanin mita 137 sama da fuskar tafkin. Mutanen Anishinaabe, waɗanda suke zaune a nan tun kafin zuwan Turawa, suna da labarin da ya ba wurin sunansa: wata uwar beyar ta gudo wa gobarar daji da 'ya'yanta biyu, suka faɗa tafkin da iyo, ita ta kai gaci, su kuwa suka gaji suka nutse. Tsibiran nan biyu su ne 'ya'yan, tudun da ke kallonsu kuma ita ce uwar, tana kwance tana jira. Yarana sun daɗe suna kallon tsibiran bayan an ba su wannan labari.

Mun ya da zango a sansanin D. H. Day, wanda aka sa wa sunan wani attajirin katako na yankin. Babu wutar lantarki a wuraren kafa tanti, famfon ruwa kuma na kowa da kowa ne, sai dai kowane iyali yana da filinsa da teburi da murhun ƙarfe a ƙasa, tafkin kuma 'yar tafiya ce da ƙafa. Wanda yake son wurin wanka da lantarki sai ya nufi sansanin Kogin Platte. Tun kafin lokacin zafi ake kama wuri ta intanet, domin mai jinkiri ba ya samu.

Dokokin wurin suna da yawa, kuma da na nemi dalilinsu sai na ga kowace tana da tushe. Ba a barin abinci a waje ko cikin tanti da dare, sai a kulle shi a mota, saboda beyar da sauran namun dajin da suke bin ƙamshi, kuma dabbar da ta saba da abincin mutane ƙarshenta ba ya kyau. Ba a zuwa da itacen girki daga nesa, a nan kusa ake saye, domin a cikin itace ne wani ƙwaro mai huda bishiya yake yaɗuwa, wanda aka fara gano shi kusa da Detroit a 2002, ya kuma kashe miliyoyin bishiyoyi. Akwai wani ɗan tsuntsu mai nasa ƙwai a kan tsakuwar gaɓa, wanda ya kusa ƙarewa a yankin manyan tafkunan nan, sai ka ga an kewaye sheƙarsa da igiya, mutane suna ratsewa ba tare da wani ya tsawata musu ba. Wannan ya burge ni ƙwarai.

Ka tambayi ibada. Alƙibla a nan arewa maso gabas take, kuma a watan Yuli rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, saboda haka tsakanin Isha'i da Asuba ɗan lokaci ne. Buta da darduma suna cikin kayanmu, nama kuma daga gida muka taho da shi a cikin ƙanƙara. Da muka gasa tsire a murhun, maƙwabtanmu na zango suka zo suna tambayar yajin, muka ba su suka ɗanɗana, su kuma suka aiko wa yara da 'ya'yan itacen ceri da yankin ya yi suna da su.

Wurin ba ya rasa haɗari. A wancan tudu mai tsawo akwai allon gargaɗi cewa gangarawa bakin ruwa ba wuya, amma hawowa kan ɗauki sa'o'i, kuma wanda ya gaza aka zo ceto shi zai iya biyan dala 3,000. Ruwan ma yana da sanyi, yana kuma da igiyar da take jan mai iyo ta yi ciki da shi, don haka yara ba su shiga ba sai ina riƙe da su. Mashigin da ke tsakanin gaɓa da tsibiran ya ci jiragen ruwa da yawa, har yau ana ganin gawar wanda ya kafe kusa da Manitou ta Kudu a 1960.

To, ga amsar tambayarka. Abin da ake biya wa kuɗi shi ne samun wuri da aka bar shi yadda Allah Ya halicce shi, inda babu attajirin da ya ja katanga ya ce gaɓar tasa ce, inda lebura da likita suke kafa tanti kusa da juna a kan farashi ɗaya. Hakan bai samu a arha ba. Lokacin da Sanata Philip Hart yake fafutukar kafa wurin, iyalai da yawa masu gonaki da gidaje a yankin sun yi adawa sosai, wasu kuma dole ta sa suka sayar wa gwamnati da filayensu, abin da ya bar ɗaci a zukata na tsawon shekaru. Ina tausaya musu, amma da ba a yi haka ba, da 'ya'yan baƙo irina ba su taɓa taka wannan rairayi ba. Ban da haka, na samu zama da yarana tun safe har dare ba tare da aiki ya raba mu ba, abin da yake wuyar samu a rayuwar ƙasar nan.

Idan Allah Ya nufa tafiyarka ta tabbata baɗi, ka yi ƙoƙari ta faɗo tsakanin Yuli da Agusta, ka kuma sanar da ni da wuri domin in kama mana wuri. Tanti da bargo duk akwai, kai dai ka taho da rigar sanyi, domin dare yakan yi sanyi ko a tsakiyar lokacin zafi, sai kuma yajin tsire na gida, don namu ya kusa ƙarewa.

Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka roƙa mana addu'arta. Uwargida tana gaishe da maiɗakinka da yara. Allah Ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Amininka na kullum.