Amsa ga ɗan'uwan da ya tambayi dalilin ɓuyan to_string

Assalamu alaikum, ɗan'uwa.

Ka tambaye ni a bainar jama'a: tunda a Rust, harshen shirya manhaja, akwai ayyukan da nau'in bayanai ke samu ba tare da an rubuta masa su ba, me zai hana a zuba su duka cikin fihirisar binciken rustdoc, wato manhajar da ke gina shafukan bayanin Rust, kowane nau'i da nasa kwafin, kowa ya huta? Na yarda da kai cewa akwai ciwo. Maganin da ka kawo ne ban gamsu da shi ba.

Duk nau'in da ke da sifar Display, ta nuna abu a rubuce, yana samun ToString kai tsaye, wato sifar da ke ɗauke da aikin to_string mai mayar da abu rubutu, domin ɗakin karatun harshen, wato tarin kayan aikin da ke zuwa da shi, ya shimfiɗa doka guda da ta rufe su gaba ɗaya. Haka wanda ya rubuta From, an ba shi Into kyauta; duka biyun na sauya wani nau'i zuwa wani ne. Ɗalibi sai ya ga to_string na aiki a kan nau'insa, ya nemi inda aka rubuta shi, ya rasa. Bayanin yana nan, amma can ƙasan shafi, cikin jerin da ke maimaita kansa a kusan kowane shafi: Any, Borrow, From, Into, TryFrom da 'yan'uwansu. Ido ya saba da su har ya daina ganinsu.

To, me ya sa ba za a kwafa ba? Binciken rustdoc a cikin burauzar mai karatu yake gudana, shi ya sa yake aiki ko babu intanet. Duk abin da aka ƙara wa fihirisa, nauyi ne a kan mai saukewa. Wannan ma da sauƙi. Babbar ɓarnar ita ce wanda ya rubuta into a wurin bincike zai tarar da ɗaruruwan layuka masu kama ɗaya, amsar da yake nema ta nutse a tsakiyarsu.

Ga abin da nake gani. Lokacin gina shafuka, rustdoc ya riga ya tantance dokokin gama-gari da suka hau kan kowane nau'i, in ba haka ba da bai iya jera su ba. Sai a ajiye kowace doka sau ɗaya tak, kowane nau'i kuma ya riƙe 'yar lambar da ke nuni gare ta. Wanda ya nemi to_string zalla ya ga layi ɗaya. Wanda ya haɗa da sunan nau'insa a nuna masa aikin, a ƙasan waɗanda aka rubuta wa nau'in da hannu, tare da sharaɗinsa a fili: ka samu wannan ne saboda kana da Display. Wannan sharaɗin ya fi komai muhimmanci a wurina, domin shi ke koya wa mutum harshen. Wanda ya gan shi sau ɗaya, gobe da kansa zai gane dalilin da ya sa duk mai Iterator, sifar fitar da abubuwa ɗaya bayan ɗaya, ke shiga madaukin for mai maimaita aiki.

Ba daga tushe za a fara ba. Tuni binciken ya iya neman aiki ta abin da yake karɓa da abin da yake mayarwa, irin yadda injin binciken Hoogle ke yi wa masu harshen Haskell.

Wuri ɗaya ne shawarata ba ta kai ba. Kunshin itertools yana ƙara wa duk mai Iterator ayyuka, amma shafukan ɗakin karatun harshen ba su san da zamansa ba, tunda shi ya dogara da su, ba su ba. Wannan sai dai a warware shi a inda aka tara kunshe-kunshe da yawa, kamar docs.rs, dandalin da ke ɗauke da shafukan bayanin kunshe-kunshen Rust. Idan kana da dabara a nan, ina son jin ta.

Ka huta lafiya.