Wasan da na daina marmari tun da ya koma cikin kwamfuta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan maƙalar da kuka buga kwanakin baya, wadda marubucinta ya ce zamanin takarda ya wuce, komai ya koma waya da kwamfuta, kuma ba abin da aka rasa sai ƙura da nauyi. Da a 2020 na karanta ta, da ni ne na farkon tafa masa. Yau kam ina da ja. Hujjata kuwa wani wasa ne da na yi kusan shekara tara ina yi, har na wayi gari ko ɗuriyarsa ba na so in ji.

Ga wanda bai san wasan ba, mutum huɗu ko biyar ne ke zama kewaye da tebur. Ɗaya shi ne jagora, labarin yana hannunsa, shi ne bakin sarki da dodo da mai gadin ƙofar gari. Sauran kowa ya ɗauki mutum guda ya zama shi, wannan mayaƙi, wancan ɓarawo, an rubuta ƙarfinsa da wayonsa da abin da ke jakarsa a takarda ɗaya. Jagora ya ce, "Kun iso bakin kogo, kuna jin numfashin wani abu daga ciki, me za ku yi?" Kowa ya faɗi nasa. Idan abin da ka ƙudurta yana iya yiwuwa yana iya ƙi, sai a jefa ɗan lido ya raba gardama. Ba mai fuska shida kaɗai ba, akwai mai 4, mai 8, mai 10, mai 12, da babbansu mai fuska 20. Kada mai karatu ya ji jifa ya ɗauka caca ce. Ba a sa kuɗi, ba a cin kowa. Tatsuniya ce ake ƙagawa tare, wadda shi kansa jagoran bai san inda za ta ƙare ba.

Wanda ya fi shahara a cikin irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons (D&D a taƙaice), wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, 'yan ƙananan littattafai uku a cikin kwali, kwafi dubu ɗaya kacal a bugun farko. Ni da bugu na biyar na fara, na 2014, kuma ni ne jagora tun ranar farko, don kawai ni ne na yarda in karanta manyan littattafan dokokinsa uku.

Akwai daren da ba na mantawa. Ɓarawon cikinmu ya rage da digon rai ɗaya, wato saura ƙiris ya mutu, dodo ya tsare hanya, ba abin da zai fisshe shi sai 20, wato dama ɗaya cikin ashirin. Ya hura wa ɗan lidon iska, ya girgiza, ya jefa da ƙarfin da ya wuce kima. Abin ya yi tsalle ya bar tebur ya shige ƙarƙashin kujera. Mu biyar, manya da gemu, muka durƙusa da fitilar waya muna leƙe. Ga 20 tana kallonmu. Dokarmu kuwa ita ce wanda ya faɗi ƙasa ba a lissafa shi. Muka yi kusan kwata muna musu, mai mayaƙi yana rantsuwa cewa doka doka ce ko da abokinsa zai mutu, shi kuma mai ɓarawo ya hana kowa taɓa kujerar. Daga ƙarshe na yanke hukunci an lissafa. Har yau ana yi mini gorin son kai a kan haka.

Da annobar korona ta kulle kowa a gida a 2020, sai muka kwashe kayanmu muka koma intanet, kamar yadda dubban masu wasan suka yi. Hanya a buɗe take tun kafin nan, don Roll20, shafin da ake yin wasan a kansa, yana aiki tun 2012, D&D Beyond, shafin littattafai da takardun wasan, tun 2017, kuma kasuwar ta yi ƙarfin da Hasbro, kamfanin da ya mallaki wasan, ya sayi D&D Beyond ɗin a 2022 a kan dala miliyan 146 da ɗoriya. Ba zan kama sunan manhajar da muka yi amfani da ita ba, don ta yi duk abin da ta ce za ta yi. Watannin farko har santi muke. Lissafi ya zama na inji, ba mai cewa ya manta takardarsa a gida, abokinmu da aiki ya kai wata ƙasa ya dawo cikinmu.

Abin ya fara lalacewa ne daga wajena, ban kuma lura ba. Da can shirina bai wuce shafi biyu na littafin rubutu ba. Taswira a gabansu nake zana ta, layi huɗu da da'ira, in ce wannan rijiya ce, su kuma su cika sauran a kawunansu. A kwamfuta kuwa sai na nemo hoton taswira mai kyau, in ɗora, in bi kowane bango da layi don hasken fitilar 'yan wasa ya tsaya inda ya kamata, in yanko hoton kowane dodo, in shigar da lambobinsa ɗaya bayan ɗaya. Awa huɗu na aikin akawu don wasan awa uku. Mafi muni, idan na ɓata dare guda ina gina gidan sarki, ba na so a ce ba za a shiga ba. Wata rana suka ce su ta ƙofar yamma za su fita su bi ayari. A tebur da murna zan karɓi wannan, in juya takarda in zana hanya. A ranar sai na ji bakina yana cewa ƙofar a kulle take, masu gadi sun hana fita. Ba wani dalili a labarin. Ba ni da taswirar yamma ne kawai. Ɗayansu ya yi dariya ya ce, "To Malam jagora, faɗa mana inda kake so mu je mu huta." Maganar ta zauna mini.

Su ma sun canza. An daina tambayata "me nake gani?" ko "ɗakin warin me yake yi?" tunda ga hoto. Sai ƙirga murabba'an taswira, ko takobina zai kai daga nan. A kiran murya mutum ɗaya ne ke iya magana a lokaci guda, saboda haka raɗar da biyu ke yi a gefe suna ƙulla makirci ta mutu, harara da ƙyafta ido suka mutu. Ina tsakiyar muryar dodo sai in ji ƙarar madannai, in san wani yana amsa saƙo a wani shafin. "Yi haƙuri, maimaita, layina ne." Wani lokaci layin ne da gaske. Ranar da 20 ta sake fitowa a daidai wurin da ake neman ta, lamba ce ta bayyana a gefen allo, wani ya turo hoton tafi, aka wuce.

Sai batun littattafan. A kan kanta ina da guda tara, duk bayansu ya karye don buɗawa. Na san dokar kokawa tana ƙasan shafi, kusa da wani tabon tawada, hannuna yana kai ni wurin kafin in tuna lambar shafin. A kwamfuta kuwa, da na zauna na ƙirga, fayil ɗari da arba'in da wani abu na tara, yawanci daga rangwamen da ake haɗa littattafai da yawa a dunƙule. Waɗanda na karanta daga farko zuwa ƙarshe shida ne. Saye ya maye gurbin karatu, karatu kuma dama shi ke sa in ji ina ɗokin ranar wasa. Littafin da ke kan kanta kullum yana kallonka, na cikin fayil sai ka tuna da shi.

Marubucinku ya ce abin da ka saya a intanet naka ne har abada. Ban san inda ya samo wannan ba. A watan Afrilun 2009 kamfanin Wizards of the Coast, reshen Hasbro mai buga wasan, ya dakatar da sayar da littattafansa na PDF gaba ɗaya saboda masu satar fasaha, ba su dawo kasuwa ba sai 2013. A Yulin wannan shekarar ta 2009 Amazon ya goge wani bugu na littafin George Orwell mai suna 1984 daga na'urorin karatu na Kindle na mutanen da suka biya, ya mayar musu da kuɗinsu. A 2019 Microsoft ya rufe shagonsa na littattafan lantarki, littattafan suka daina buɗuwa, shi ma ya mayar da kuɗi. Har ta kai jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta fara aiki a 2025, wadda ta hana a rubuta "saya" a kan irin wannan kaya ba tare da an bayyana wa mutum cewa lasisi ne kawai yake karɓa ba. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Ni kuwa littafina na takarda na ba ƙanen wani abokina aro wata biyu, ya dawo da shi da kunnuwan shafuka a lanƙwashe, yau shi ma jagora ne da nasa mutanen.

Laifi tudu ne, don haka bari in taka nawa. Shekaru sun ja, yara sun zo, haɗa mutum biyar masu aiki a dare ɗaya ya fi kashe kowane dodo wuya. Wataƙila ko ba kwamfuta da wasan ya yi sanyi. Kuma ban musa amfaninta ba. Neman doka cikin daƙiƙa biyu ba ƙaramin abu ba ne, mai raunin ido yana ƙara girman rubutu, ƙaramin marubucin da ba shi da kuɗin maɗaba'a yana fitar da wasansa duniya ta gani. Abokinmu na ƙasar waje har yanzu yana wasa duk mako da mutanen da bai taɓa gani ba, kuma ya ce bai taɓa jin daɗinsa kamar yanzu ba. Na yarda da shi. Amma ni na san lokacin da na fara jin sanyi a raina idan wani ya turo cewa ba zai samu zuwa ba, kuma bayan mun bar tebur ne. Ba mu taɓa cewa mun daina ba. An ɗaga zuwa mako mai zuwa, aka sake ɗagawa, shi ke nan.

Watan jiya ina neman wata takardar daban na ci karo da kwalin kayan wasan. A sama akwai takardar ɓarawon nan. Gurbin da ake rubuta digon rai ya huje tsabar gogewa da sake rubutawa da fensir, har ya liƙa wata 'yar takarda a kai ya ci gaba. A gefe ya rubuta sunayen duk waɗanda yake bin bashi a cikin labarin, da wani mai jirgin ruwa da ni kaina na manta na ƙirƙira. Na zauna a ƙasa na karanta ta tsaf. Wasanninmu na shekara uku a intanet kuwa ban ma san ko kalmar sirrin shiga tana nan a kaina ba.

Na ɗauki hoton takardar na tura musu. Uku sun amsa a daren, na huɗun ya tambaya ko hukuncin kujera yana nan ko an soke. Ba mu tsayar da rana ba tukuna. Ɗan lidon mai fuska 20 dai na fito da shi daga kwali, yana nan kan teburin da nake rubuta wannan wasiƙa.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Wani tsohon jagoran wasa