A riƙa faɗa mana abin da ke ƙarƙashin ƙasa kafin mu zuba kuɗi a rami

Malam Edita, salamu alaikum, ya aiki ya jama'a. Na ji shirinku da kuka yi kan binciken mai a Arewa, shine nace bari nima in ɗan sa baki, don ni wallahi ba man ne ya dame ni ba, ruwa ne.

Bara a layinmu nan Funtuwa muka yi karo-karo za mu haƙa burtsatse kusa da masallaci, har da matan aure suka kawo kuɗin adashinsu. Mai injin yazo ya ɗan zagaya ya nuna waje da ƙafa yace nan akwai ruwa, da wani yaro ɗalibi yace a fara kawo masu awon ƙasa sai aka ce masa kai dai ka cika boko. Kwana biyu inji na ruri, ba abin da ke fitowa sai farar ƙura kamar garin rogo, duk ta rufe mana tabarmin masallaci, ƙarshe mutumin ya naɗe kayansa yace dutse ne ba laifinsa ba. Har yau ƴan ga-ruwa ne ke shayar da mu, sumon, wato famfon da ake zurawa cikin burtsatse, da muka saya tun kafin a ga ruwa yana nan cikin kwalinsa a ɗakin liman.

Daga baya yaron nan ya zaunar da ni yayi min bayani. Ashe mu nan da Zariya da cikin Kano duk a kan tsohon dutse muke zaune, ruwa sai inda dutsen ya tsage ko samansa ya ruɓe, shi yasa maƙwabcinka zai samu kai ka rasa alhali katanga ce kawai tsakaninku. Amma kana yin gabas wajen Gumel da Haɗeja har Barno ka shiga kwarin Chadi, can rairayi ne da yumɓu hawa-hawa, rairayin ya riƙe ruwa yumɓun ya danne shi. Burtsatsen da aka haƙa a Barno a shekarun 1960 da yawa ruwa da kansa yake tsarto ba famfo ba inji, aka bar su suna kwarara dare da rana har ƙarfin ya ragu. Sakkwato da Kebbi su ma kwari ne, kuma ruwan ƙasansu ɗaya ne da na Nijar da Mali, shi ba ruwansa da boda. Abin da ya fi ɗaure min kai wai teku ta taɓa kwanciya a wajen, farar ƙasar Kalambaina da ake siminti da ita ma ragowar halittun ruwan ce, ikon Allah.

To kaga Malam, rijiyar man Kolmani ɗin da Buhari ya je ya ƙaddamar a 2022 tsakanin Bauchi da Gombe, tana cikin kwarin Binuwai da ya tsage lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, kuma ilimin da ya gano mai a can shi ne dai zai gaya maka inda ruwa yake. In maganar mai ce kowa rawar jiki, ruwa kuwa an bar mu da mai nuna waje da ƙafa. Samun ruwan ma ba shikenan ba, ku tambayi mutanen Kaltungo yadda haƙoran yara ke rinewa, ko Tibiri ta Maraɗi inda sinadarin fuloraid na ruwan burtsatse ya lanƙwasa ƙafafun yara.

Dan Allah ku gayyato malaman ilimin ƙasa na ABU ko na cibiyar ruwa ta Mando a Kaduna, suyi bayani da Hausa gari-gari, kuma ku buɗe layin waya, don an fara maganar sabon karo-karo a layinmu kuma ni aka ba riƙon littafin.

Naku, mai sauraro daga Funtuwa.