Gamin gambizar da ta nuna mini tushen hip-hop

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in tanka wa wani rubutu da na karanta a shafinku na nishaɗi, inda marubucin ya ce hip-hop surutu ne kawai a kan kiɗan na'ura, kiɗan da ba shi da uwa ba shi da uba. Ban ga laifinsa ba, domin ni ma na daɗe a wannan layin. Wani faifai ne ya fitar da ni, kuma labarinsa nake son ba masu karatu.

Wani abokina ne ya ara mini shi, shekaru da yawa da suka wuce. Sunansa The Dirtchamber Sessions Volume One, ya fito a 1999, kuma wanda ya haɗa shi wani Bature ne ɗan Ingila, Liam Howlett na ƙungiyar The Prodigy. Da na saka a karon farko sai raina ya ɓaci. Ba waƙar da ake bari ta ƙare. Kana fara sabawa da wata sai a fizge ta a jefo maka wata. Cikin minti hamsin da 'yan kai an cusa waƙoƙi wajen hamsin: ga Public Enemy suna faɗa, ga Barry White da muryarsa mai kauri yana lallashi, can kuma sai ga Sex Pistols da ihunsu da jitarsu. Na ciro faifan na hura masa iska, na goge shi da gefen riga, don na ɗauka tsalle yake yi. Da na mayar wa abokina na ce wannan ai gamin gambiza ce, sai ya yi dariya ya ce in koma da shi, amma wannan karon in toshe kunnena ga mawaƙan, in bi ganga kawai.

Haka na yi, kuma a sauraro na uku na gane. Muryoyi suna sauyawa, ƙasashe suna sauyawa, shekaru suna sauyawa, amma gangar ba ta taɓa tuntuɓe ba. Mutumin nan ɗinki yake yi, kuma zarensa bugun ganga ne. Daga baya na fahimci cewa wannan ɗinkin shi ne ainihin sana'ar da ta haifi hip-hop, tun kafin mawaƙin gambara ya zama tauraro.

A ranar 11 ga Agusta 1973, a wani bene mai lamba 1520 a titin Sedgwick da ke unguwar Bronx ta New York, wata yarinya mai suna Cindy Campbell ta shirya casu don ta tara kuɗin kayan komawa makaranta. Kuɗin shiga santi 25 ga 'yan mata, santi 50 ga samari. Wanta Clive, wanda aka haifa a Kingston ta Jamaika kuma duniya ta sani da DJ Kool Herc, shi ne mai saka faifai. Abin da Herc ya lura da shi a irin waɗannan taruka shi ne, masu rawa ba su cika damuwa da waƙar gaba ɗaya ba. Jira suke a zo wata 'yar gaɓa, inda mawaƙi zai yi shiru, jita da ƙaho su ja baya, a bar makaɗin ganga shi kaɗai na 'yan sakanni. Nan ne fili ke kamawa da wuta. Matsalar ita ce gaɓar gajeriya ce, kafin a gama jin daɗinta ta wuce. Sai ya nemo kwafi biyu na faifan garmaho ɗaya, ya ɗora su a kan na'urori biyu. Gaɓar na ƙarewa a na hagu, sai ya sake ta a na dama, ya ɗaga allurar hagu ya mayar baya. Sakan goma ya zama minti biyar.

Ina so mai karatu ya tsaya ya ga wannan aikin da idon zuci, don a baki yana da sauƙi. Faifai na juyawa, tsaginsa siriri kamar gashi, ɗaki da duhu, jama'a na tsalle har teburin na girgiza, kai kuma kana neman daidai wurin da ganga ta fara. Herc ba ya samun daidai kullum. Grandmaster Flash, wanda aka haifa a Barbados ya tashi a Bronx, shi ya zauna ya gyara abin. Ya riƙa yi wa faifai alama da fensirin kala, ya ɗora yatsunsa a kai ya juya shi baya yana ƙirga zagaye, yana sauraron faifan da ke jiran layi ta abin kunne alhali jama'a na jin ɗayan. A wancan lokacin taɓa fuskar faifai da hannu abin kunya ne ga mai saka kiɗa, amma shi ya mai da shi ƙa'idar aiki. Grand Wizzard Theodore kuma, yana yaro, shi ake danganta wa ƙirƙiro ƙarzar faifai gaba da baya a ƙarƙashin allura. A 1981 Flash ya fitar da The Adventures of Grandmaster Flash on the Wheels of Steel, minti bakwai na Chic da Blondie da Queen da wasu, duk an ɗinke su da hannu. A wurina wannan shi ne kakan duk faifan gauraye da nake magana a kai.

To, ga inda marubucinku ya kamata ya dafa. Wanda ke farautar gaɓar ganga ba ya tambayar asalin faifai. Kunne ne alƙali. Shi ya sa akwatin waɗannan samari na Bronx ya cika da abubuwan da ba wanda zai yi zato. Ɗauki Apache, wadda ake kira taken 'yan rawar hip-hop: asalinta kiɗan jita ne da ƙungiyar The Shadows ta Ingila ta yi tashe da shi a 1960, sai Incredible Bongo Band suka sake buga shi a 1973 da ganguna masu yawa, faifan bai yi wani kasuwa ba, Herc ya tsince shi ya raya. The Mexican ta Babe Ruth, wadda ke cikin faifan Howlett, 'yan rok ne na Ingila suka yi ta a 1972, su ma sun aro wani sashe daga kiɗan fim na Ennio Morricone ɗan Italiya. Afrika Bambaataa ya ɗauko salon Kraftwerk, Jamusawa masu kiɗan na'ura, ya gina Planet Rock a 1982. Soul Makossa ta Manu Dibango ɗan Kamaru ma ta zagaya wuraren rawa na New York tun farkon shekarun 1970. Sai uban tafiya, James Brown, wanda kusan babu akwatin da ba ya ciki. Kiɗan da ke da wannan tarin dangi ba a ce masa maraya ba. In ma da abin faɗa, iyayen ne suka yi yawa.

Wani abu da ya ba ni dariya da na karanta tarihin: waɗannan masu saka faifai kishi ne da su kamar me. Wanda ya samo gaɓa mai daɗi ba ya son abokin hamayya ya san sunanta, don haka sai a jiƙa faifan a ruwa a ɓare takardar da ke tsakiya, al'adar da aka riga aka sani a wurin masu lasifikar Jamaika. Asirin ya tonu ne daga 1986, lokacin da Lenny Roberts da Louis Flores suka fara fitar da jerin Ultimate Breaks and Beats, kundi 25 zuwa 1991, inda suka tattara waɗannan tsofaffin waƙoƙi aka baza a kasuwa. Ya zo daidai da yaɗuwar na'urar yanko sauti, don haka yaro a ɗakinsa zai iya tsakuro sakan biyu na ganga ya gina waƙa a kai. Duk wanda ya ji jerin nan sannan ya koma ya ji gambarar ƙarshen shekarun 1980 zai yi ta gyaɗa kai kamar wanda ya shiga taron dangi.

Amma fa ba zan yi ta yabo ba, akwai abin da ke damuna. Faifan Howlett ya samo asali ne daga wani shiri da ya yi a gidan rediyon BBC Radio 1 a 1998. Da aka zo fitar da shi kasuwa, dole aka cire wasu waƙoƙi, har da ta The Beatles, saboda masu haƙƙin mallaka sun hana. Double Dee da Steinski sun ci gasar haɗa kiɗa ta kamfanin Tommy Boy a 1983, amma haɗin nasu bai samu shiga kasuwa yadda ya kamata ba, don ba a samu izinin tsakuren da ke ciki ba. A 1991 wata kotu a New York ta yanke hukunci a kan Biz Markie saboda ya yanko daga waƙar Gilbert O'Sullivan ba izini, alƙalin ma ya buɗe hukuncin da ayar Baibul mai hana sata. Tun daga nan sai mai kuɗi ke iya yanka yadda yake so. Na yarda mai abu ya ci moriyar abinsa. Tambayata ita ce, wa ke karɓar kuɗin?

Clyde Stubblefield shi ne ya buga gangar Funky Drummer ta James Brown, wadda ta fito a 1970. Wannan gaɓar tana ƙarƙashin ɗaruruwan waƙoƙi, ciki har da Fight the Power ta Public Enemy. Ba a rubuta sunansa cikin waɗanda suka tsara waƙar ba, don haka ribar tsakuren ta wuce ta kansa. Da ciwo ya kama shi, mawaƙi Prince ne ya biya masa kuɗin asibiti a ɓoye. Ya rasu a 2017. Na Gregory Coleman ya fi ban tausayi. Shi ya buga sakan shida ko bakwai na ganga a Amen, Brother ta ƙungiyar The Winstons a 1969, gaɓar da N.W.A suka ɗora Straight Outta Compton a kanta, kuma wasu nau'o'in kiɗan rawa na Ingila suka ginu kacokan a kanta. Ya mutu a 2006 bai ga ko kwabo daga ciki ba. Sai a 2015 wasu masu saka faifai a Birtaniya suka yi karo-karo ta intanet, suka tara sama da fam 20,000 suka ba shugaban ƙungiyar, Richard Spencer. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai a nan gardin sau da yawa kamfani ne da bai taɓa riƙe sandar ganga ba.

Kuma kada mai karatu ya ɗauki faifai ɗaya a matsayin tarihi cikakke. Na Howlett ɗanɗanon mutum ɗaya ne, yaron da ya tashi a Essex yana jin abin daga nesa, shi ya sa ya karkata ga masu ƙarfi da hayaniya. Ba za ka ji su The Last Poets ko Gil Scott-Heron da suka riga 'yan gambara jera magana a kan ganga ba. Brainfreeze na DJ Shadow da Cut Chemist, shi ma na 1999, wata hanya ya bi dabam: ƙananan fayafayen fonk da sol, wato kiɗan baƙaƙen fatar Amurka irin na su James Brown, ne zalla, galibi na mawaƙan da ba a san su ba, kuma ba a rubuta sunayen waƙoƙin a jiki ba, sai masu tara faifai suka duƙufa suna gano su ɗaya bayan ɗaya. Ni na fi son wannan, ko da yake ɓoye sunan makaɗan da dama an zalunce su bai kwanta mini ba. Akwai kuma 70 Minutes of Madness na Coldcut, 1995, ga mai son ganin iyakar inda gauraye zai iya kaiwa.

Kwanan baya ɗana yana jin wata sabuwar gambara a waya, ina wucewa sai na ja birki. Na ce masa, tsaya, mayar baya. Ya mayar. Na ce wannan gangar ta girme ka, ta kusa girme ni. Ya ce haba Baba, bara fa aka yi waƙar. Na nemo masa asalin, muka zauna muna jira, minti biyar cur na James Brown yana magana da 'yan kiɗansa, yaron har ya fara ƙosawa. Sai aka zo wurin da kowa ya yi shiru aka bar Stubblefield shi kaɗai. Bai ce komai ba, ya karɓi wayar ya mayar baya sau uku.

Roƙona, Malam Edita, shi ne idan marubucinku zai sake taɓa wannan batu, ya samu minti hamsin ya zauna da ɗaya daga cikin waɗannan fayafaye, ya bi ganga yadda abokina ya ce in bi. In bayan nan har yanzu surutu yake ji, ya rubuto, zan karanta. Kuma in da hali, duk lokacin da shafin nishaɗi zai ambaci waƙar da aka gina a kan tsakure, a ƙara layi ɗaya a faɗi sunan wanda ya buga gangar.

Na gode da filin da aka ba ni. A huta lafiya.

Naku,
Wani tsohon mai karatunku